SOJA YA TUƁE KAKI: MOTA KO GIDAN WAYA?

Jawabi ga 'yan kwamiti na garuruwan kasuwa. A karanta shi da ƙarfi a taro, don wanda bai yi lakkol ba ya ji da kunnensa.

Maganarmu ta yau a kan ɗan'uwanmu ce wanda ya gama aikin soja, ya sauka Yamai da akwatinsa da takardar sallama, yana neman aikin farko na farar hula. Mutane biyu ke jan rigarsa. Wannan ya ce, zo tasha, akwai mai babbar mota da ke neman direba. Wancan ya ce, je gidan waya ka ajiye takardunka. A 2020 gwamnati ta ce za ta ninka yawan sojojin ƙasa daga 25,000 zuwa 50,000. Duk wanda ya shiga, in Allah ya yi masa tsawon rai, wata rana zai fita. Ke nan tambayar za ta iske kowane gida.

ABIN DA YA SAMU KAKANNI

Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Tiyaroy kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka komo daga hannun Jamus suka nemi bashin albashinsu. Aka buɗe musu wuta. Hukumar sojan Faransa ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi sun ce sun fi haka nesa. A Disamba 1959 kuma, Faransa ta yi dokar da ta daskare fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka. Kuɗin Bafaranshe na hawa, na Bahaushe da Bazabarme na tsaye wuri guda. Ba a daidaita su sarai ba sai 2011, bayan yawancin masu haƙƙin sun kwanta dama. Darasin ke nan: soja ya saba a ba shi umarni da baki ya yi biyayya, amma haƙƙinsa, in ba a takarda yake ba, cinikin biri a sama ne. Ko wanda ke a takarda ma sai an tsaya a kansa.

BATUN MOTA

Ƙasarmu ba ta da teku, saboda haka shinkafa, siminti, magani da ƙarfe duk bisa taya suke shigowa. A shekarun 1950 motoci na kai gyaɗa Faraku su komo da kaya, jirgin ƙasa kuma ya haɗa Faraku da Kwatano, kilomita 438. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar don wannan hanya, bayan samun 'yanci kuma aka kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN. Tun lokacin direba mutum ne a gari. Yana samun kuɗin hanya, yana sanin 'yan kasuwa, wani har ya tara ya sayi tasa motar.

Amma abincin direba a hanya yake, hanya kuwa tana rufewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, motoci suka yi jerin gwano a bakin kogi. Kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar soja, sai a yi makonni ana jiran tashi. Direban da ake biya a wata ya ci gaba da ciyar da iyalinsa. Wanda ake biya bisa tafiya ya zauna ƙarƙashin mota yana cin bashi. Mota iri ɗaya, hanya ɗaya, bambancin yana ga abin da aka rubuta ranar ɗaukar aiki.

To, kafin ɗan'uwa ya karɓi mabuɗi, ga abin da zai tambayi mai mota:

1. Akwai kwantaragi a rubuce, da sa hannun mu biyu?
2. Za ka rubuta ni a CNSS? Wannan asusu, da aka kafa a 1965, shi ke riƙe da fansho, da diyyar haɗarin aiki, da kuɗin iyali. Direba mara lamba, in mota ta kife, sai zumunta.
3. Albashin wata ne ko na tafiya? Kwanakin jira a iyaka da bakin teku, wa ke biya?
4. Motar na da inshora da takardar binciken lafiyarta? A duba taya da birki da ido, gani ya kori ji.
5. In kaya suka lalace ko suka ɓata ba da laifin direba ba, a wuyan wa?

Mai motar da ya fusata don an yi masa waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa. A kuma je tasha a nemi wanda ya taɓa ja masa mota, a tambayi sandikar direbobi. Wanda ya koyi tuƙi a bariki ya je ma'aikatar sufuri ya daidaita lasinsa na farar hula, C don babbar mota, E in da tirela, tun kafin jandarma ya tsai da shi.

BATUN GIDAN WAYA

A zamanin Nasara tsohon soja ake fara ɗauka aikin gardi, da masinja, da rabon wasiƙu. Shi ya sa har yau tsofaffi ke cewa gidan waya inuwa ce. Gaskiya ne mai wannan aiki yana kwana gida, yana ganin 'ya'yansa, ba ya barin matarsa wata biyu da kunne a hanya. Amma ku sani gidan waya na yau ba na jiya ba ne. A 1997 aka raba tarho da wasiƙu, a 2005 ɓangaren wasiƙu ya zama kamfanin Niger Poste. Wayar hannu ta cinye wasiƙa, aiken kuɗi kuma ya samu 'yan takara irin su Nita da Al Izza da Amana. Guraben ba su da yawa, kuma ana son mai karatu da lissafi, don wanda ke zaune kan akwatin kuɗi, in dala ɗaya ta yi giɓi shi za a tambaya.

Nan ma akwai tambaya. Ɗauka ce ta dindindin ko ta 'yan watanni? Ina za a tura ni, Yamai ko Bilma? Nawa ne albashin? Mafi ƙarancin albashi a doka ya koma sefa 42,000 a 2024, wato jika 42, kada kowa ya karɓi ƙasa da haka ko a mota ko a ofis. Kada kuma a ba kowa ko sisi don ya shigar da takarda. Aikin da aka saya, da fargaba ake yin sa.

SHAWARARMU

Saurayi mai ƙarfi, mai lasin, wanda iyali ba su yi masa nauyi ba, in ya samu mai mota mai takarda, ya kama sitiyari. Wanda ya fito da rauni, ko shekaru sun ja, ko yana da karatu, ya nemi gidan waya, ya kuma rubuta sunansa a hukumar samar da aiki, ANPE, kada ya zauna jiran ƙofa ɗaya. Amma in zaɓi ya tsaya tsakanin kuɗi mai yawa na baki da kuɗi kaɗan na takarda, a ɗauki na takarda. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Kada kuma a zuba kuɗin sallama duka a tsohuwar mota don an ji daɗin bakin dillali.

AIKIN KWAMITI

Kowane kwamiti ya san sojojin garinsa da suka komo. A ziyarce su. Kada ɗayansu ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Mu malaman lakkol mun ɗauki wannan nauyi: a kawo mana takarda bayan la'asar, mu karanta, mu fassara da Hausa layi layi, ba ko dala. In rigima ta taso da mai aiki, akwai dokar ƙwadago ta 2012, akwai sufeton ƙwadago, mutum biyu daga kwamiti su raka ɗan'uwa. Takardar sallama da littafin soja kuwa a adana su kamar takardar gona.

Ya tsare mu yana cikin kaki, mu tsare haƙƙinsa ya tuɓe. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba ranar kasuwa. Wassalam.