Inda Binciken Masana Ya Dosa Game da Ba Talaka Jari Ba Tare da Riba Ba



Tambayar da ke gaban wannan taro tsohuwa ce, watau yaya ƙaramin manomi ko ɗan tireda zai sami jari, alhali kuwa addininsa ya haramta masa cin riba da bayar da ita? Masana sun daɗe suna neman amsa, kuma bincikensu ya bi matakai uku.

Da fari dai shari'a aka sa gaba. A 1963 Dokta Ahmad El-Naggar ya buɗe bankin ajiya marar kuɗin ruwa a garin Mit Gamar na ƙasar Masar, sa'an nan a 1976 aka yi babban taron farko na duniya a kan tattalin arzikin Musulunci a Makka. Marubutan wancan zamani sun ɗora dogon buri a kan mudaraba da musharaka, inda mai kuɗi ke samun rabonsa in an ci nasara, ya kuma ɗauki hasara in an faɗi.

Mataki na biyu ya zo bayan kafa Bankin Grameen na Bangaladash a 1983, wanda ya nuna cewa matalauta, musamman mata, suna biyan bashi ko da ba su ba da jingina ba. Amma fa Grameen na karɓar kuɗin ruwa. Saboda haka masana suka juya ga nazarin waɗanda suka ɗauki dabarar suka bar ribar, alal misali shirin raya karkara na Islami Bank Bangladesh, wanda aka soma a 1995, da ƙungiyar Akhuwat ta Lahor a Pakistan, wadda tun 2001 take ba da rance marar ruwa, sau da yawa a cikin masallatai.

A mataki na uku ƙididdiga ta shigo, ta kuma tono abin da ba a so ji ba. Rahoton CGAP na 2013 ya ƙiyasta masu amfana da irin wannan jari a kan mutum miliyan 1.28 kacal, galibinsu a Indunisiya da Bangaladash da Sudan. Ya kuma nuna murabaha ce ta fi yawa, watau banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum bashi da ƙarin da aka yi yarjejeniya a kai. Musharaka kuwa, wadda aka fi yabo a littattafai, da wuya a gan ta a kasuwa. Dalili a fili yake: mai sayar da ƙosai ba ta ajiye littafin lissafi, to ta yaya banki zai san abin da ta samu, balle a raba? Kuɗin bin diddiginta ma sai ya fi jarin yawa. Shi kuma rance marar ruwa da gudummawa yake rayuwa. Ran da masu bayarwa suka gaji, sai rijiya ta ƙafe. Wannan ya sa hankalin masu bincike ya koma kan yadda zakka da wakafi za su tallafi jarin, da yadda wayar hannu za ta rage tsadar aiki.

Maganar ta shafi Nijeriya kai tsaye. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma a 2017 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin ƙananan bankuna marasa kuɗin ruwa. Gwargwadon kyan doka kuwa, ba za ta gaya wa ma'aikaci ko manomin da ya karɓi taki bashi da damina ya fita da sauran hatsi da kaka ba. Sai ɗalibi ya je ƙauye, ya zauna da uwar adashi, ya ƙidaya buhunan da suka rage a rumbu, kafin a san haka.