Soyayya da Zumunci a Zamanin Na'ura: Nazari a kan Littafin Gary Shteyngart



Mas'alar da na zo da ita gabanku ita ce makomar soyayya da iyali a cikin littattafan zambo da marubutan Turai da Amurka suka tsara game da zamani mai zuwa, wanda na'ura za ta mallake zukatan mutane. Tun a 1932 Aldous Huxley ya sifanta duniyar da ake ƙyanƙyashe jarirai cikin kwalabe, har ambaton uwa ya zama batsa, sa'an nan a 1949 George Orwell ya kawo wadda 'yar shekara 7 ke kai ƙarar ubanta wurin hukuma. Dukansu biyu sun ɗauka sai da ƙarfin mulki za a iya rusa iyali. Wanda zan tsaya a kansa ya saɓa musu, shi ne Super Sad True Love Story, na Gary Shteyngart, haifaffen Leningrad a 1972, wanda iyayensa suka yi hijira da shi zuwa Amurka yana yaro, littafin kuwa ya fito a 2010.

Amurkar da ke cikin wannan ƙissa bashin Sin ya yi mata katutu, har darajar dala ta rataya ga kuɗin Sin, kuma kowane mutum yana yawo da wata 'yar na'ura a wuya, mai suna äppärät, wadda ke bayyana wa duk wanda ke kusa da shi dukiyarsa da lafiyarsa da matsayinsa a kyawun sura. A kan tituna an kakkafa turaku masu nuna ƙimar mutum a wajen masu ba da rance da zarar ya gifta. Abin lura a nan, ya ku malamai, shi ne ba a tilasta wa samari da 'yan mata wannan tonon asiri da bulala ba. Su da kansu suke yaye suturarsu suna murna, ta yadda tajassusin da shari'a ta hana ya zama ba ya bukatar ɗan leƙen asiri, tun da mai sirrin ne ke tallarsa.

A cikin wannan hali ne Lenny Abramov, ɗan shekara 39, ɗan Yahudawan Rasha masu hijira, ya kamu da son Eunice Park, 'yar shekara 24, wadda iyayenta suka zo daga Koriya. Lenny yana aiki a kamfanin da ke sayar wa attajirai alkawarin dawwama a duniya, alhali shi kansa ga sanƙo ga furfura, kuma idan ya shiga mashaya na'urorin jama'a suka auna mazan da ke wurin, shi ne ke zuwa na ƙarshe. Babban aibinsa a idon zamaninsa shi ne karatun littafi. A cikin jirgin sama ya buɗe labaran Chekhov, wani saurayi ya yamutsa fuska ya ce abin yana warin jiƙaƙƙiyar safa, shi ya sa kafin Eunice ta zo gidansa sai da ya bi littattafansa yana fesa musu maganin ƙamshi, kamar mai ɓoye daddawa don zuwan baƙi. Mai karatu zai yi dariya a nan, amma dariyar ba ta kaiwa ciki, domin ya san wannan kunya ba ta yi nisa da mu ba.

To, da yawa daga masu sharhi sun tafi a kan cewa na'ura ce ta kashe wannan soyayya, ni kuwa ban gamsu da wannan fahimta ba, ga kuma hujjata. Marubucin bai mai da gidan iyaye wata aljanna da ake gudu zuwa gare ta ba. Mahaifin Eunice, likitan ƙafa a Fort Lee ta jihar New Jersey, mutum ne mai dukan matarsa da 'ya'yansa. Mahaifiyarta kuma ba ta gushe ba tana aiko mata da wasiƙu cikin gurguwar Turanci, tana matsa mata ta yi karatun lauya, ta riƙe coci, ta daina jawo wa gida abin faɗa. Iyayen Lenny a Westbury su ma ba su da magana sai ta kuɗi da albashi. Duk da haka, ranar da fitina ta ɓarke a New York, sadarwa ta yanke, na'urori suka mutu a wuyan masu su har waɗansu matasa suka kashe kansu don ba su iya rayuwa babu su, abin da ya saura yana motsa mutane shi ne hakkin iyaye. Lenny ya ratsa shingayen masu bindiga ya iske tsofaffinsa cikin yunwa, ya yi musu cefane. Eunice kuwa, da ta duba ta ga Lenny ba shi da ikon kare uwarta da ƙanwarta, har da uban da ya zalunce ta, sai ta karkata ga maigidansa Joshie Goldmann, dattijo mai shekara kusan 70 wanda magani ya mayar wa fatar saurayi, domin shi ke da kuɗi da hanya.

Saboda haka, a ganina, zumunci ne ya rinjayi soyayya a wannan littafi, kuma rinjayen ba mai daɗi ba ne, domin yarinyar ta biya shi da kanta. Wanda ya taso inda ake aurar da 'ya don a rufa wa gida asiri ba zai bukaci dogon sharhi ba kafin ya gane zaɓin Eunice, ko da bai yarda da shi ba.

Amma maganin dawwama da Joshie ya dogara a kansa, daga baya ya juye masa, jikinsa ya lalace, kamfanin ya tabbata bai iya jinkirta ajalin kowa ba. Lenny ya bar Amurka ya ƙare a Italiya, littafin sirrinsa da ya riƙa rubutawa kuma aka buga shi tare da saƙonnin Eunice, masu sharhi na cikin ƙissar suka fi yabon nata rubutun a kan nasa.