Mahaɗar Falle da Falle da Gudun Lantarki a Ƙarafan Maganaɗisu



Abin da za mu duba yau ƙanƙane ne ainun. Akan ɗauki ƙarfe iri biyu, ɗaya mai maganaɗisu kamar baƙin ƙarfe ko kobal, ɗaya wanda maganaɗisu ba ya ja kamar jan ƙarfe ko kuromiyam, a jera su falle bisa falle, kaurin kowanne nanomita ɗaya zuwa uku. Nanomita kuwa, in an kasa milimita kashi miliyan, kashi ɗaya ke nan.

Lantarki dai gudun ilektaron ne, turjiya kuwa karon da yake yi ne a hanya. A cikin jan ƙarfe yakan yi tafiyar kusan nanomita 40 kafin ya yi karo. To, in falle bai kai haka kauri ba, abin da zai fi cin karo da shi shi ne mahaɗa, watau iyakar da ƙarfen nan ya ƙare wancan ya soma.

Tun 1936 Nevill Mott ya nuna cewa a ƙarfe mai maganaɗisu ilektaron ayari biyu ne, gwargwadon juyinsu: masu bin fuskar maganaɗisun da masu saɓa mata. Mahaɗa ba ta yi musu adalci. Tsakanin kobal da jan ƙarfe, masu bin fuskar sukan wuce kamar ba a sake ƙarfe ba, masu saɓawa su warwatse. Tsakanin baƙin ƙarfe da kuromiyam kuwa akasin haka ne. Saboda haka idan fallayen duka suka fuskanci gefe guda, ayari ɗaya ya sami buɗaɗɗiyar hanya, sai turjiya ta faɗi. Idan kuwa kowane falle ya juya wa maƙwabcinsa baya, wanda ya kuɓuta a wannan mahaɗa za a tare shi a ta gaba, ba wanda zai wuce bai biya fito ba.

A 1988 Albert Fert da abokan aikinsa a Faransa suka jera baƙin ƙarfe da kuromiyam, suka sanyaya su zuwa kelbin 4.2, da suka sa musu maganaɗisu sai turjiya ta ragu da kusan rabi. Peter Grünberg a Jamus ya ga haka a falle uku kacal, ba tare da sanin juna ba. Sun raba kyautar Nobel a 2007.

Sai gardama ta tashi: warwatsuwar nan a cikin falle take, ko a mahaɗa? A ganina gwajin Stuart Parkin na kamfanin IBM a 1993 ya fi kowanne gamsarwa. Ya shimfiɗa kobal mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya ko biyu a mahaɗar jan ƙarfe da gamin nikel da baƙin ƙarfe, sai canjin turjiyar ya ƙaru sosai. Da ya mai da kobal ɗin nan tsakiyar falle, bai yi wani tasiri ba.

Maganar kaushin mahaɗa ta fi wuya. Wasu sun auna sun ga kaushi ya ƙara canjin, wasu sun ga ya rage shi, kuma kowa da gaskiyarsa. Kaushi yana ƙara karo, amma karon da ke da amfani shi ne mai bambanta ayari da ayari. Wanda ke tare kowa da kowa, ko ya birkice juyin ilektaron, hasara ce. In kaushin ya kai fallayen maganaɗisu biyu suka taɓa juna, sun daina juya wa juna baya, aikin ya lalace.

A 1997 IBM ta fitar da faifan ajiyar kwamfuta mai karatu da wannan dabara, mai ɗaukar gigabait 16.8. Daga baya aka koma ga raba fallayen da abin da ba ya ɗaukar lantarki, inda ilektaron ke ratsawa, can ma tsabtar mahaɗa ce ke yanke hukunci.