Yaro ya sha rigakafi, me za a hana shi ci?

Takardarmu ta farko a yau ta fito ne daga wata baiwar Allah a Boɗinga. Ta ce surukarta ta hana ta shayar da jariri har awa guda bayan an ɗiga masa maganin shan inna, wai nono yana kashe ƙarfin maganin. Ta kuma tambaya ko gaskiya ne ba a ba yaro ƙwai ko madara ranar da aka yi masa allura.

To malama, a gaishe mana da Inna, amma wannan magana ba haka take ba. Ɗigon shan inna da na gudawar rota, wanda aka soma bayarwa a Nijeriya a 2022, duk ba su da faɗa da nonon uwa. Ki ba shi tun kina kan bencin asibiti, shi ma yana rage masa kuka. Wanda bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Mai wata 9 da aka yi wa ta ƙyanda kuwa, ya sha kununsa, ya ci wake da ƙwai in ya saba ci. Jiki zai iya yin ɗumi kwana ɗaya ko biyu. A ƙara shayar da shi.

Inda muke jin tsoro daban ne. Uwa ta dawo daga rigakafi, ta ba yaro furar da ta yini a rana ƙuda na bi, ko ruwan rijiya da ba a tafasa ba. Gudawa ta kama shi, sai a ce allura ce, daga nan ba a sake kai shi ta gaba ba. Allura ba ta tsare ciki daga gurɓataccen abinci. Mutanen Shagari ba su manta ba, a watan Agustan 2024 mutum 7 'yan gida ɗaya suka rasu a Runjin Barmo bayan sun ci rogo. Rogo mai ɗaci yana da guba. Sai an fere, an jiƙa kwanaki, an dafa sosai.

In yaro ya soma amai ba ƙaƙƙautawa, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi taune-taune, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A ɗauki katinsa a nufi asibiti a ranar.