Takardar Darasi Da Makaho Zai Iya Karantawa

 Abin da zan yi magana a kai shi ne kayan koyarwa, watau littattafai da takardun darasi da na jarrabawa waɗanda muke miƙa wa ɗalibai a kwalejoji da jami'o'i, da yadda za a shirya su har makaho da kurma da mai raunin gani su amfana da su kamar sauran 'yan ajinsu.

In an ambaci naƙasassu a makaranta, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne gini: a faɗaɗa ƙofa, a yi gangare a gefen matakala domin mai keke. Wannan aiki ne mai kyau, doka ma ta wajabta shi. Amma ɗalibi yana iya shiga aji lafiya lau, ya zauna a sahun gaba, ya fita bai ƙaru da kome ba, domin darasin yana cikin takardar da ba ya iya karantawa. Gyaran gini yana cin kuɗi da shekaru. Gyaran takarda kuwa yana hannun malamin da ya rubuta ta.

Karatun makafi ba baƙon abu ba ne. Wani Bafaranse, Louis Braille, wanda ya makance tun yana yaro bayan ya soki idonsa da basilla a shagon dukancin ubansa, shi ya tsara rubutun nan na ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, ya kuma buga shi a 1829. A ƙasarmu an buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. A 1977 aka kafa kwalejin horon malaman ilmi na musamman a Oyo. Tun 1917 kuma, a'a, tun 2017 hukumar JAMB take da kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Watau yaran nan suna tahowa, kowace shekara suna ƙaruwa, kuma wurinmu suke isowa.

To, a nan ne tafiya ke yi musu wuya. A makarantar makafi malami ya san rubutun Braille, aji kuma bai cika yawa ba. A kwaleji kuwa makaho ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Sai malami ya ce a je shago a yi hoton takardar darasi. Makaho ya biya kuɗinsa kamar kowa, ya karɓi takarda, sa'an nan ya shiga neman wanda zai karanta masa. Abokin da ya yarda yau, gobe yana da nasa karatun. Ana gab da jarrabawa kuwa, kowa tasa ta fisshe shi. Ɗalibin da ya yi shekara goma sha biyu yana karatu da kansa, sai ga shi ya koma roƙon ido.

Abin takaici shi ne maganin wannan yana nan, kuma ba shi da tsada. Akwai manhajar da ake sa wa kwamfuta, tana karanta duk abin da ke kan allonta da murya. Ɗaya daga cikinsu, NVDA, waɗansu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka yi ta, ta fito a 2006, kyauta ake ba da ita. Wayoyin hannu ma suna zuwa da irinta, TalkBack ko VoiceOver. Amma ku lura da wannan da kyau, gama shi ne gindin maganata: manhajar nan haruffa take karantawa, ba ta karanta hoto. Kadan malami ya buga darasinsa a kwamfuta ya ba makaho fayil ɗin kamar yadda ya buga shi, to, ya gama masa kome: zai saurara, ya koma baya, ya tsaya a kan kalma ya ji haruffanta ɗaya ɗaya, ko ya kai wa injin Braille a buga masa. Kadan kuwa ya ɗauki hoton takardar da waya ya aika wa 'yan aji ta WhatsApp, mai ido zai karanta, makaho kuwa sai manhajarsa ta ce masa, “Hoto,” ta yi shiru. Gaskiya ne akwai manhajar da ke tsamo haruffa daga hoto. Sai dai takardar da aka yi wa hoto daga hoto har tawada ta kwanta, ga ta a karkace, ga rubutun hannu a gefe, abin da zai fito shirme ne. Malaman Hausa su ƙara kula, domin haruffanmu masu lanƙwasa su ne suka fi shan wahala: ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki, ma'ana ta ɓace. Lissafi ya fi haka muni.

Fayil ɗin ma yana da ladabinsa. A sa kanun babi ta hanyar da kwamfuta ta tanada domin kanu, ba a ƙara wa harafi girma kawai ba, domin da su makaho ke tsallaka daga babi zuwa babi, yadda mai ido ke buɗa shafuka. Kowane zane ko taswira a bi shi da jimla ɗaya ko biyu mai faɗin abin da yake nunawa. A aji kuma, malamin da ke nuna allo yana cewa, “In ka haɗa wannan da wancan sai ka sami wannan,” bai faɗa wa makaho kome ba. Ya ambaci abin da sunansa. Na baya can da ba su hango allo ma za su gode masa.

Sai maganar lokaci. Shafi ɗaya na bugu yakan ci shafi biyu ko uku na Braille, kuma aikin yana ɗaukar kwanaki. Takardar da ta iso hannun makaho bayan an wuce darasinta da wata guda, ihu ne bayan hari. A ganina jerin littattafan zango ya kamata ya fita tun kafin a dawo hutu, takardar kowane darasi kuma ta riga darasin da mako biyu.

Na san abin da waɗansunku za su ce: in na ba da fayil, gobe ya bazu ko'ina, littafin wani kuwa ba ni da ikon juya shi. Game da naka, ka yi alkawari da ɗalibin, ko ka miƙa ta hannun ɗakin karatu. Tsoron a kwafa bai kai a hana mutum karatu ba, balle takardar da ke shagon masu hoto ta riga ta bazu. Game da littafin wani, an warware wannan. A 2013 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Marakish ta Maroko, Nijeriya ta amince da ita a 2017, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta shigar da ita cikin dokokinmu. Hukumar da aka yarda da ita tana iya juya littafi zuwa Braille ko murya ko manyan haruffa domin makafi ba tare da neman iznin mai shi ba, muddin ba don riba ba. Har wa yau, dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba su haƙƙin ilmi ba tare da wariya ba. Saboda haka wannan ba sadaka ba ce da malami zai yi in ya ga dama.

Mai raunin gani, kamar yawancin zabiya, buƙatarsa ƙalilan ce: haruffa manya, baƙi sosai a kan fari, da wurin zama kusa da allo inda hasken taga ba ya dukan idonsa. Kurma kuwa, kada a nuna majigi sai da rubutun magana a ƙasansa, kada malami ya yi bayani yana fuskantar allo, a kuma ba tafintan maganar hannu takardar darasi tun da wuri, domin kalmomin kimiyya da yawa sai sun zauna da ɗalibin sun shirya alamarsu.

A jarrabawa ba a ce a sauƙaƙa wa kowa tambaya ba, su ma ba su nemi haka ba. Tambaya ɗaya, ma'auni ɗaya. Abin da ke canzawa shi ne siffar takarda, da ƙarin lokaci, domin yatsa ba ya gudun ido, da kuma barin ɗalibi ya amsa da kwamfuta ko injin Braille maimakon a dogara ga mai rubuta masa wanda bai san fannin ba.

Roƙona ga shugabannin sassa shi ne, a makon farko na zango a kira kowane ɗalibi mai irin wannan buƙata a tambaye shi da wace siffa yake karatu, gama wani Braille ya iya, wani kuwa da girmansa ya makance, sai murya. A rubuta amsarsa, a aika wa dukan malaman da za su koyar da shi kafin su shiga aji.