Ranar Ubanni da Kunyar 'Ya'ya

(Jawabin da wakilan ɗalibai Kirista suka gabatar a sujadar Ranar Ubanni)

An nemi mu yi magana a kan girmama uba da yi masa addu'a cikin sujada. Za mu fara da asalin ranar, domin da yawa cikinmu suna tsammani 'yan kasuwa ne suka ƙago ta don su sayar da katin gaisuwa.

A majami'a aka haifi wannan rana, cikin makoki kuwa. Ran 6 ga Disamba 1907 wuta ta tashi a ramin haƙar kwal na Monongah, a jihar West Virginia ta Amurka, ta hallaka mutum fiye da 360, yara kimanin 1,000 suka wayi gari marayu. Wata mata mai suna Grace Golden Clayton ta roƙi fastonta a keɓe Lahadi guda don tunawa da iyaye maza, aka yi wannan sujada a garin Fairmont ran 5 ga Yuli 1908. Wadda ta ɗore ita ce ta birnin Spokane, wadda Sonora Smart Dodd ta kafa a 1910 saboda mahaifinta, tsohon soja, wanda ya yi renon 'ya'ya shida shi kaɗai bayan rasuwar matarsa. Sai a 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu ta zama doka, Lahadi ta uku ga watan Yuni. A Italiya da Sifen kuwa 19 ga Maris suke yi, ranar tunawa da Yusufu mijin Maryamu.

Wannan Yusufu ya cancanci mu tsaya a kansa. Ku bincika Linjila duka huɗu, ba za ku sami kalma ɗaya da aka rubuta daga bakinsa ba. Ya tashi da dare ya gudu da iyalinsa Masar, ya dawo, ya riƙe sana'arsa ta sassaƙa, shi ke nan. Wa bai gane mahaifinsa a nan ba? Uba a ƙasarmu mutum ne mai kunya. A gidaje da yawa ba ya ko kiran sunan ɗansa na fari. Mu ma idan mun je gaishe shi, durƙusawa muke yi, ido a ƙasa, a tambayi lafiya a tashi. Shi ne ya sayar da buhunan masara tun farashi bai tashi ba don kuɗin rajista, ya raka mu tasha, ya danƙa mana abin da ya rage, bai ce kome ba sai Allah ya kiyaye hanya. Mu kuma ba mu ce kome ba. Uwa takan ji godiyarmu a ɗaki, har da hawaye. Uba kuwa sai ya tsufa ya mutu bai taɓa ji ba, alhali kuwa tana nan cikin zuciya, kunya ce ta danne ta.

Amfanin addu'a cikin sujada ke nan a gare mu. Abin da al'ada ta hana ɗa ya faɗa wa uba ido da ido, yana iya faɗa wa Allah uban yana zaune yana ji, ba wanda ya zubar da girman wani. Abin takaici, a ikilisiyoyi da dama ranar ta koma ta gidauniya, watau a jera maza a gaba, a sa su waƙa ɗaya, sa'an nan a miƙa musu kwanon baiko don rufin majami'a. Ranarsa ce, amma a ranar ma aljihunsa ake dubawa.

Akwai wata kunya kuma, mummuna, wadda jami'a take koya mana. Dukanmu mun san ɗalibin da mahaifinsa ya zo ziyara da takalmin roba da ƙullin gyaɗa, ya tsayar da shi a bakin ƙofa, ya ce wa abokansa wani ne daga ƙauyensu. Dokar girmama iyaye da ke Fitowa sura 20 ba ta sa sharaɗin boko ba, 'yan'uwanmu Musulmi ma da muke ɗaki ɗaya da su sun san nauyin wannan hakki sarai.

Ba mu manta ba, a ɗakin nan akwai waɗanda kalmar uba take sosa musu miki. Wani burkutu ya cinye nasa, wani nasa ya fita bai waiwayo ba. Manzo Bulus, a Afisawa sura 6 inda ya umarci 'ya'ya da biyayya, nan take ya juya ya gargaɗi ubanni kada su tsokane su. Saboda haka ba mu ce kowa ya yi yabon ƙarya ba. Ana yi wa mutum addu'a ko bai cancanci kirari ba. Akwai kuma marayu irin na Monongah, kamar 'ya'yan waɗanda bam ya kashe a majami'ar Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da waɗanda aka tare iyayensu a gona.

To, ga yadda muka shirya. Bayan waƙa ta gaba, iyaye maza za su zauna, mu ɗalibai mu miƙe. Za a yi shiru na minti biyu, kowa ya ambaci mahaifinsa a gaban Allah, mai rai ko marigayi, ko kawu ko baffan da ya tsaya a madadinsa. Sa'an nan fasto zai rufe da addu'a. Yau ba za a zagaya da kwano a layin dattawa ba, mu ne za mu ba da baikon.