Abin da Ke Tsakanin Kwano da Silin Mota



Duk wanda ya shiga tsohuwar Golf ko Sharon a watan Afrilu ya san yadda ƙyallen silin yake saki har ya riƙa shafar hula. Yawanci akan ɗora wa gam laifi. Gaskiyar magana, siririn soson da ke tsakanin ƙyalle da allon silin ne yake ruɓewa ya koma gari, ƙyallen ya rasa abin kamawa. Motocin da ake shigo mana da su sun riga sun kwana biyu a Turai ko Amurka, ga shi a Sakkwato da Maiduguri zafi kan haura digiri 40 a inuwa, kwanon da ya yini a rana kuwa yakan wuce 60.

To, tunda an sauke silin, wannan ce damar gyara abin da ke bayansa. Aiki biyu ne, kuma kowanne da kayansa.

Na farko shi ne ƙarar kwano, irin wadda ruwan sama ke tayarwa. Maganinta faifan robar butil mai fatar alminiyam, irin na Dynamat. Ba sai an rufe rufin duka ba. A manna a tsakiyar kowane fili, a danne shi sosai, kwata zuwa rabin rufin ya wadatar. Amma ku yi hattara da mai araha wanda aka yi da kwalta. A ƙasa mai sanyi zai iya lallaɓawa, a nan kuwa narkewa yake yi, ya yi wari, ya zubo. Na ga motar da kwalta ta ɓullo ta jikin sabon ƙyalle tun bazara ba ta ƙare ba.

Na biyu shi ne zafi, kuma a nan ne aka fi yin aikin banza. Wasu kan yanko soson katifa su cusa. Wannan soso yana shan danshi, idan damina ta zo ya riƙe shi a jikin ƙarfe, tsatsa ta fara daga inda ido ba ya gani. Abin da ya dace shi ne soso mai rufaffun ƙofofi, kaurin milimita 6 zuwa 10, ko Thinsulate na kamfanin 3M idan aljihu ya yarda. Ita kuwa takardar nan mai ƙyalli da ake yayi, ba ta mayar da zafi sai da sarari tsakaninta da abin da take fuskanta. Idan aka matse ta tsakanin kwano da allo, zafin ratsa ta zai yi kawai.

Kada kuma a yi wa mai mota alkawarin da ba zai cika ba. Rana tana shiga ta gilashi sosai, don haka motar da aka ajiye a fili za ta yi zafi ko me aka sa a rufi. Ribar tana fitowa ne a kan hanya: kai ba ya gasuwa, na'urar sanyaya mota ta sami sauƙi.

Wajen mayarwa, a kankare tsohon soson tas, a sa gam mai jure zafi. A kula da wayoyin fitila da bututun da ke zubar da ruwan tagar rufi. Idan motar tana da jakar iska a gefen rufi, a cire kan batir kafin a taɓa komai, kuma kada a liƙa ko ƙyalle ɗaya a hanyar da jakar za ta fito.